Rundunar Yara Maza: Inda Ta Fito, da Abin da Ta Ke Bukata

Kun ga yaranmu na Birged sun shigo da ganguna da kakaki, ƙafa ɗaya, hannu ɗaya. Bari in gaya muku asalin wannan runduna, gama wanda bai san mafarin abu ba, ba zai san yadda zai riƙe shi ba.

A birnin Gilasgo, cikin ƙasar Sikotilan, akwai wani malamin makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith. Yaran ajinsa 'ya'yan talakawa ne, masu tsiwa da hayaniya, har ba ya iya koya musu kome. Shi kuwa hafsa ne cikin sojan sa-kai. Sai ya lura, ran Asabar manyan mutane su kan bi umurninsa a filin fareti, amma ran Lahadi ƙananan yara su gagare shi. Ya ce a ransa, ashe yaro yana son a ba shi tsari da aikin yi. Saboda haka ran 4 ga Oktoba 1883 ya kafa ƙungiyar da a ke kira Boys' Brigade, shi da abokansa biyu.

Ku lura da hikimarsa. Bai ɗora wa iyaye sayen tufafi masu tsada ba. Hula, da ɗamara, da 'yar jaka, su ke nan. Yaro ya sa su bisa rigarsa ta gida, domin kada talauci ya hana kowa shiga. Ya haɗa fareti da ajin Littafi Mai Tsarki, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗayan. Alamarsu kuwa anka ce, wato ƙarfen da a ke jefawa cikin ruwa domin ya riƙe jirgi, bisa ga Ibraniyawa 6:19. A 1886 ya kai su zango na fari a bakin teku. Ya rasu a 1914, amma aikin bai rasu ba.

Rundunar ta iso Ikko a 1908. Daga baya ta bazu cikin ekklisiyoyin Arewa, har ta kai ƙauyukan da ba su da hanyar mota. 'Yan mata kuma suka sami tasu runduna.

To, 'yan'uwa, ga abin da ya dame ni. Ganga ba ta renon yaro, hula kuma ba ta gyara hali. Abin da Smith ya bayar shi ne maraicensa, mako bayan mako, shekara talatin. Yau yara suna nan da yawa, suna tsaye bakin fili suna leƙe, amma hafsoshi kaɗan ne. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Idan ba mu tara su ba, tasha da kasuwa za su tara su, su koya musu abin da ba mu so.

Saboda haka ina roƙonku. Kai magidanci, ka ba da maraice ɗaya cikin mako. Ke uwa, kada ki aiki yaro talla a ranar fareti. Ku dattawan ekklisiya, ku sa kuɗin zango cikin lissafin shekara, ku kuma buɗe ƙofa ga ɗan maƙwabci da maraya.

Ubangiji ya ba mu ma'aikata domin wannan girbi. Amin.