Bakin Kaza Daban, Bakin Agwagwa Daban

Yau hirarmu a tsakar gida za ta tsaya, wajen kaji da agwagin da muke kiwo muna rufa wa kanmu asiri.

Uwargida, kin taɓa tsayawa kin dubi bakin kazarki, sannan kin dubi na agwagwarki? Mu Hausawa duka baki muke ce musu. Turawa kuwa suna biyu gare su: ɗaya sun fi kiran baki mai tsini da shi, irin na kaza da shaho, ɗayan kuma baki mai faɗi ko mai tsawo, irin na agwagwa da shamuwa. Masana tsuntsaye sun ce gini ɗaya ne: ƙashi ne a ciki, an lulluɓe shi da irin abin da ke farcenmu, kuma yana ta tsiro kamar farce. To, amma siffar ta bambanta, kuma siffar ce ke gaya miki yadda za ki ciyar da kowace.

Bakin kaza gajere ne, mai tsini da ƙarfi. Da shi take tsintar dawa ƙwaya ɗaya-ɗaya, ta tono tsutsa. Ba ta da haƙori, shi ya sa take haɗiyar 'yan tsakuwa, su taya ƙundu niƙa. Har gori muke mata, wai ci ki goge bakinki. Baiwar Allah ba butulci take yi ba, tsabtace shi take yi tana wasa shi.

Agwagwa fa? Buɗe bakinta ki gani. A gefe-gefensa akwai wasu 'yan tsage-tsage kamar haƙoran matsefi. Takan ɗebo abinci da ruwa tare, ruwan ya tsiyaye ta nan, abincin ya saura. Ashe ke nan cin agwagwa ba ya rabuwa da ruwa. A nan ne da yawa daga cikinmu ke yin asara. Sai a watsa wa 'yan agwagi busasshiyar dusa tare da 'yan tsaki, ruwa yana can nesa, dusar ta maƙale musu a wuya. Ki tuna, ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na agwagwar gida kuwa sai ya kai kwana 35. Haba, bayan wannan dogon jira a rasa su saboda kaskon ruwa?

Saboda haka ga abin yi. Ki ɗan yayyafa wa dusar ruwa, amma daidai wadda za su cinye, don in ta kwana takan yi funfuna, kuma funfuna guba ce, ta fi saurin kashe 'yan agwagi. Ki ajiye ruwa kusa da abincin, mai zurfin da za su nutsa baki har hanci su wanke shi. In ƙanana ne, ki jera duwatsu a cikin kaskon don kada su faɗa ciki sanyi ya kama su. Kuma ki raba musu kasko da kaji, domin agwagwa nan da nan take dagula ruwa.

Sai masu kajin gidan gona. Idan kaji sun fara saran juna, kada ki ɗauki wuƙa ki yanke musu baki da kanki. Akwai jini da jijiya a cikinsa, suna jin zafi. Ki fara duba cunkoso da ƙarancin abinci, sannan ki nemi malamin dabbobi.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.