Awo Kafin Ado: Zaɓen Teburin Talabijin a Falon Bahaushe

Laccar da aka gabatar a Kano, gaban taron kafintoci, 'yan kasuwar kayan ɗaki da iyayen gida

 

Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin yi wa lacca sai tebur? Amsata ita ce, a gidaje da yawa wannan tebur ne yake tsara zaman falo gaba ɗaya: inda kujeru za su fuskanta, inda baƙo zai zauna, inda yaro mai rarrafe zai dafa ya miƙe. Abin da ya kai haka bai kamata a zaɓe shi da ido kawai ba.

Talabijin ta daɗe a cikinmu. An buɗe tasha ta farko a Najeriya a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka kafa NTA a 1977, mu kuma a Kano muka samu CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Akwatunan wancan lokaci masu ƙeya ne, babba kan kai kilo 40, don haka aka yi musu tebur mai zurfi da kauri. Yau talabijin ta zama allo siriri mai faɗi, amma yawancinmu har yanzu da tsohon tunani muke yi mata mazauni.

Ga inda matsalar take farawa. A al'adarmu iyayen amarya ke kai kayan ɗaki, a gidaje da dama kuma ango ne ke sayen kayan kallo. Uwa ta je kasuwa ta zaɓi tebur don ya dace da launin kujeru da labule; ango ya je wani shagon ya ɗauko allo gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Sai ranar jere kayan biyu su haɗu, a tarar ƙafafun talabijin sun zarce bakin tebur, a yi dabara da katako ko kwali, a ce ai za a gyara bayan biki. Gyaran nan ba ya zuwa. Maganin wannan kuwa kiran waya ɗaya ne da igiyar awo.

Awon farko shi ne faɗi. Idan aka ce talabijin inci 55 ce, ba faɗinta ake nufi ba. Daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a karkace ake aunawa. Ainihin faɗin mai inci 32 kusan santimita 71 ne, mai inci 43 kusan 95, mai inci 55 kusan 122, mai inci 65 kuwa kusan 144. Da yawa daga cikin na zamani ƙafafu biyu gare su, ɗaya can kusa da kowane gefe, ba gindi ɗaya a tsakiya ba. Saboda haka tebur ya fi allon faɗi, a bar rarar aƙalla santimita 10 a kowane ɓangare, ta yadda mai wucewa ba zai bangaji gefen allo da kafaɗa ko hannun riga ba.

Awo na biyu tsayi ne, kuma a nan nake so mu ɗan dakata, domin a nan zamanmu ya bambanta da na waɗanda suka zana tebura da yawa da ake shigo mana da su. Ƙa'idar ita ce tsakiyar allo ta yi daidai da idon mai kallo yana zaune. Wanda ke kan kujerar falo, idonsa yana wajen santimita 105 daga ƙasa. Allo mai inci 55 tsayinsa kusan santimita 68 ne, rabinsa 34. Idan aka cire wannan da ɗan tsayin ƙafafu, tebur mai kusan santimita 65 ya yi masa. To amma ku duba falonku da daddare. Maigida na kan kujera, uwargida da yara da baƙi mata suna kan kafet ko tabarma, nan ake cin tuwo, nan ake hira. Idon babba da ke zaune a ƙasa bai wuce santimita 75 zuwa 80 ba, na yaro kuma ƙasa da haka. Tebur mai tsayi yana tilasta wa mafi yawan mutanen gida ɗaga wuya na tsawon sa'o'i domin jin daɗin mutum ɗaya. Ra'ayina shi ne, a gidan da ake zama sama da ƙasa, a tsaya tsakanin santimita 45 zuwa 50. Sunkuyar da ido kaɗan ya fi ɗaga kai sauƙi ga wuya.

Wurin ajiyewa ma yana da nasa lissafi. Kada allo ya fuskanci taga, musamman ta yamma, domin hasken la'asar zai shafe hoto. Tazarar da ke tsakanin mai kallo da allo ta kai kamar ninki ɗaya da rabi na girman allon, wato mita 2 da ɗoriya ga mai inci 55. Kuma tun da a falo mata da tsofaffi suke yawan yin salla, ya fi kyau a kauce wa bangon gabas, kada mai salla ya tsaya hoto yana motsi a gabansa.

Sai kayan haɗi. Kafintoci sun fi ni sani: MDF, wato allon garin katako da aka matse, yana da santsi da kyan fenti, amma ba ya shiri da ruwa. Ana goge tayil kullum, jiƙa tana taɓa gindinsa, kafin damina biyu ya kumbura ya fara marmashewa. In dai shi za a saya, a sa masa ƙafafun ƙarfe ko na roba da za su ɗaga shi daga ƙasa. Filawud mai kauri ya fi shi juriya da riƙe kusa. Katakon maɗaci da makamantansa sun fi duka daɗewa, da sharaɗin sun bushe sosai, domin ɗanyen katako da zarar hunturu ya busa sai ya tsage ko ya karkace. A kuma shafa masa maganin gara. Gilashi kuwa, idan ba mai tauri ba ne wanda aka gasa, kada ya shiga gidan yara. Dogon tebur yana bukatar ƙafa a tsakiya, in ba haka ba zai lanƙwashe sannu a hankali. Araha ba ta ado.

Kada a manta da abin da ke zaune a cikin teburin: dikoda, sitabilaiza, mahaɗin wayoyi. Duk suna fitar da zafi, ga zafin bazara, ga ƙura. A buɗe bayan tebur ko a huda shi domin iska da wayoyi, kada a cusa su a rufaffen aljihu.

Na bar mafi muhimmanci zuwa ƙarshe: ran yaro. Allon zamani ba shi da nauyi kamar na da, amma tsaye yake a kan ƙananan ƙafafu, ja ɗaya ya isa ya kifar da shi. A Amurka yawan yaran da talabijin da kayan ɗaki ke faɗo wa ya sa hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙaddamar da gangamin ɗaure kaya a bango a 2015. Mu da gidajenmu ke cike da yara mun fi bukatar wannan darasi. A bayan kusan kowace talabijin akwai ramukan kusoshi huɗu. Da su ake ɗaure ta da ɗamara zuwa tebur ko bango. Wanda zai rataye ta a bango ya tabbata bulon yana da ƙwari, ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida. Kada a ɗora rimot ko alewa a saman tebur inda yaro zai hango ya hau aljihu don ya ɗauko.

Roƙona ga kafintoci: kafin ku faɗi farashi, ku tambayi inci nawa ce talabijin, a ina mutanen gida suke zama, akwai yara ko babu, ku haɗa ɗamarar ɗaurewa cikin aikin. Ga 'yan kasuwa: ku rubuta faɗi da tsayi da nauyin da kowane tebur zai iya ɗauka. Ga iyaye da angwaye: ku yi magana da juna kafin kowa ya biya kuɗi. Launi da ado su zo bayan waɗannan, akwai su birjik a kasuwa.

 Allah ya albarkaci gidajenmu, ya kare mana zuriya.