Shawarar jarirai: ku fito da jariri haske ku duba

 

Yau maganata kan matar da aka sa wa ruwan naƙuda ce. Ba a banza muke sa shi ba. Sai jini ya hau har ana tsoron jijjiga, ko ciwon suga, ko ciki ya wuce watanninsa, ko faya ta fashe naƙuda ta ƙi zuwa. Sau da yawa jaririn yakan iso kwanakinsa ba su gama cika ba, hantarsa ba ta yi ƙwari ba, shawara kuwa nan take samun ƙofa. Ko a cikin jarirai 10 da aka haifa watanninsu sun cika, kusan 6 sukan yi ɗan rawaya. A bakwaini abin ya kai 8.

Ga inda gizo ke saƙa. A sallami mai jego washegari, shawarar kuma sai kwana 2 ko 3 take fitowa, lokacin yaro na ƙuryar ɗaki, labule a sake, an naɗe shi da zane uku, hankalin kowa na kan ragon suna. Inna, kowace safiya ki fito da shi bakin ƙofa. Ki danna karan hancinsa da yatsa ki saki. Ki leƙa farin idonsa da dasashinsa. In rawayar ta sauko ciki ko tafin ƙafa, ko ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ya daina kama nono, yana kuka da siririyar murya yana banƙarewa, kada a jira gari ya waye. Mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko shanyayye.

Shanya shi a rana ba magani ba ne, bauri ma haka. Ƙwayar kafur da kuke zubawa cikin akwatin kayan jariri, ku fitar da ita, lalle ma a ɗaga masa ƙafa, don akwai yaran da jininsu ke fashewa da su. Dakashi kuwa kada a matse a zubar. A ba shi nono aƙalla sau 8 dare da rana, ta kashi rawayar ke fita.

Ku kawo mana shi mu gani. In ya fi ƙarfinmu, mu tura ku Tambuwal, ko Asibitin Koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato, a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, idonsa a rufe. Maza, kuɗin motar nan a ware shi tun ciki na wata bakwai.