Jan-baki da Gonakin Masarautar Gumel: Matsayin Fasahar Zamani Wajen Kamu Ba Tare da Guba Ba

Gabatarwa



Gero da dawa su ne abincin gida a ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Riɗi da zoɓo na kasuwa ne. Duk abin da ya taɓa zangarniya kuwa ya taɓa tukunya. Wannan takarda za ta duba tsuntsun jan-baki, ta kuma nuna cewa a inda muke, fasahar zamani za ta fi amfani wajen gano makwantarsa da kama shi da rai.

Girman matsalar

Jan-baki ɗan asalin Afirka ne, kuma masana na ƙiyasta yawansa da kusan biliyan 1.5, abin da ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Ɗaya yakan ci kimanin giram 10 na ƙwaya a yini, wato garke mai miliyan 2 zai iya cinye tan 20 kafin faɗuwar rana. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne. Idan suka yi ƙaranci sai ya faɗa wa gero, dawa, shinkafa da alkama, musamman lokacin da ƙwaya take da ruwa-ruwa.

Babbar mafakarsa a kusa da mu ita ce fadamar Haɗejiya zuwa Nguru. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun ruwan kogin Haɗejiya ya sauya, kachalla ta mamaye hanyoyin ruwa, ta zama wurin kwana da sheƙa ga tsuntsun. Shi kuwa ba ruwansa da iyakar ƙaramar hukuma, balle ta Najeriya da Nijar.

Hanyoyin da aka saba

Manomi yana da majajjawa, gwangwani, mutum-mutumi da ihun yara tun asuba. Waɗannan suna tura tsuntsun ne zuwa gonar maƙwabci, suna kuma raba yara da makaranta. Gwamnati kuwa takan yi feshin maganin fenthion da jirgin sama a makwanta. Wannan guba ba ta zaɓe: tana kashe shaho da sauran tsuntsayen da suka ci mushen, tana shiga ruwan da masunta da makiyaya ke amfani da shi, kuma akwai haɗari babba idan mutane suka tsinci tsuntsayen da aka fesa suka ci.

Darasi daga wasu ƙasashe

A Ostireliya, tsuntsun maina da aka shigo da shi daga Asiya a ƙarni na 19 ya zama annoba. Tun 2006 mazauna birnin Kanbera suka kafa ƙungiyar da ke kama shi da keji na musamman, ana sakin duk tsuntsu ɗan asalin ƙasar da ya faɗa ciki. A yau ana iya haɗa keji da kyamara mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke tantance tsuntsu kafin ƙofa ta rufe, ta kuma aika saƙo zuwa waya.

Sai dai kejin da ke kama ɗaiɗai ba zai yi maganin miliyoyi ba. Misalin da ya fi kusa da mu yana Chadi, inda masu kamu suka daɗe suna zuwa makwanta da dare da babbar raga, su kama jan-baki da yawan gaske, su soya ko su busar, su kai kasuwannin Injamena. A gundumar Kondoa ta Tanzaniya ma ana kama shi da tarkon kwando. Abin da ya rage shi ne a ba wannan tsohuwar sana'a idon zamani.

Shawarwari

Na farko, a yi amfani da jirgi marar matuƙi mai kyamarar gane ɗumin jiki, domin gano makwanta da dare da auna girmanta.

Na biyu, a haɗa sarakunan noma da malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta Jigawa (JARDA) a kan layin waya ɗaya, har da takwarorinsu na Dungas da Magarya a Nijar, don labarin garke ya riga garken isowa.

Na uku, a horar da matasa kamu da raga, tare da ƙa'ida: a saki duk tsuntsun da ba jan-baki ba, kada a bar kamamme cikin rana da ƙishirwa, a gaggauta yanka. Musulunci ya umarce mu da kyautatawa har a wurin yanka.

Na huɗu, a hana kamu a duk inda aka yi feshi, domin naman da za a kai kasuwa irin ta Alhamis a Maigatari ya zama mai tsafta.

Na biyar, ɗaliban Jami'ar Sule Lamido da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman su ƙera tarko mai aiki da sola daga kayan da ke kasuwanninmu.

Kammalawa

Ba za a ƙarar da jan-baki ba, amma ana iya rage ɓarnarsa, a mayar da wani sashensa abinci da kuɗin shiga. Ina kira ga gwamnatin Jigawa, Majalisar Masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumomi huɗun nan su ware kuɗin gwaji a makwanta guda, su fara tun kafin gero ya yi bununi.