Amsar Wasiƙa: Mece Ce Ma'anar Fort Knox a Bakin Mai Jin Turanci?

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce wani abokin cinikinsa daga Legas ya ga sitonsa da ƙofar ƙarfe da kwado uku, sai ya yi dariya ya ce masa da Turanci wai wannan ai Fort Knox ne. Shi ne yake tambaya, yabo ne ko zagi?

To Alhaji, kwantar da hankalinka, ba zagi ba ne. Yabo ne da ɗan barkwanci a ciki. Amma bari mu faro daga tushe.

Fort Knox sunan wani barikin soja ne a Jihar Kentaki ta ƙasar Amurka. Wajen faɗa ba a furta harafin K ɗin nan, Fot Noks ake cewa. Kalmar farko tana nufin sansanin yaƙi mai ganuwa, ta biyun kuwa sunan Janar Henry Knox ne, ministan yaƙi na farko a gwamnatin Shugaba Joj Washinton. An kafa barikin a 1918, aka ba shi wannan suna da yake amsawa a 1932.

Sai dai ba sojojin ne suka sa sunan ya shiga bakin duniya ba, zinariya ce. A 1933 Shugaba Rusbel ya ba da umarni mutanen ƙasar su kai wa hukuma zinariyar da ke hannunsu a biya su da takardar kuɗi. Zinariya ta taru jingim, ga shi yawancinta tana birane irin su Niyok da ke bakin teku, inda abokan gaba za su iya kawo hari. Saboda haka a 1936 aka gina mata ma'aji can cikin ƙasa, a gefen wannan bariki, aka fara kwaso ta da jirgin ƙasa a farkon 1937. Abin da ke ciki ya haura tan 4,500, wato fiye da rabin zinariyar gwamnatin Amurka. Ku 'yan kasuwa kun san tirela tana ɗaukar tan 30, buhun masara 300 ke nan. To ku ƙiyasta tirela 150 maƙare, ba da masara ba, da zinariya tsantsa.

Ƙofar ma'ajin kaɗai ta fi tan 20, kuma babu mutum ɗaya da ya san dukan lambobin buɗe ta, an rarraba wa ma'aikata. Ba a barin baƙo ya shiga. Da aka yi ta raɗe-raɗin wai an kwashe zinariyar, sai a 1974 aka shigar da 'yan majalisa da 'yan jarida suka gani da idonsu. Abin lura kuma, ginin ba na soja ba ne, na ma'aikatar kuɗi ne, har da 'yan sandansa na musamman. Maƙwabtaka ce kawai ta sa ya ci sunan barikin.

Daga nan ne Turawa suka mai da sunan abin misali. In sun ce wuri kamar Fort Knox yake, suna nufin ko ɓera ba zai sami kafar shiga ba. Masu sayar da kwado da akwatin ajiyar kuɗi suna son sa shi a talla. Amma a kula da muryar mai magana. In ka je gidan wani ka tarar da katanga, da waya mai ƙaya, da kare, da maigadi mai tambayar sunan kakanka, aka ce gidan ya zama Fort Knox, to ba'a ce, ana nufin tsaron ya wuce kima. Akwai kuma fuska ta uku, ta dukiya. Bature zai ce ko za a ba shi duk zinariyar Fort Knox ba zai yi abu kaza ba, kamar yadda mu za mu ce ko za a ba ni duniya da abin da ke cikinta.

Wannan ɗabi'a ta aron sunan bariki ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun daga zamanin Janar Gowon a 1966 har Janar Babangida ya koma Abuja a watan Disamba na 1991, in jaridun Turanci sun rubuta cewa Dodan Barracks ya ce kaza, kowa ya san gwamnati ake nufi, ba ginin da ke Legas ba. Ita kanta kalmar bariki daga Turanci muka aro ta, asalinta mazaunin soja, amma in tsohuwa ta ce jikanta ya shiga bariki, ai ba kaki take nufin ya sa ba.

Sai wasiƙa ta gaba.