Dillalin da Ya Mallaki Kasuwa: Shari'ar Amurka da Kamfanonin Fasaha, da Rabon Darki a Cikinta

Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamai, shugabannin kasuwa, ɗalibai. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, ku yi mini afuwa in shiga magana kai tsaye.

Ba zan tsaya kan abin da kuka riga kuka ji ba. Harajin da Shugaba Trump ya ɗora wa kayan Najeriya, kashi 14 cikin 100 a Afrilun 2025, daga baya ya koma 15, an yi ta kururuwa a kansa, alhali ɗanyen mai ba ya ciki, kuma shi ne mafi yawan abin da muke kai musu. Rushe hukumar USAID kun ji shi. Shirun da Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi a watan Maris na 2025 kuwa, dattawan da ke zaune a nan gaba sun riga ni sani, don su ne masu rediyo. Duk waɗannan an tattauna su har an gaji.

Rigimata da 'yan'uwana 'yan boko ta daɗe. Sun raba kansu gida biyu, masu son Trump da masu ƙinsa, kullum ana musu a kan wanda ya fi ƙaunar Musulmi da wanda ya fi ƙin baƙar fata. Ni kuwa na sha faɗa musu, muhawarar Amurka da ta fi shafar aljihun mutumin Darki tana gaban alƙalai ne, a kotunan Washington da Virginia, kuma tambayarta ɗaya ce: shin ya halatta kamfani ɗaya ya mallaki kasuwa sukutum? Wannan shari'a ba ta da jam'iyya. Gwamnatin Trump ta farko ce ta shigar da ƙarar Google a Oktoban 2020, gwamnatin Biden ta ci gaba da ita, Trump ya dawo ya tarar da ita tana nan.

Bari in bayyana laifin da harshen da duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a zai gane. Mai sa yana da dillalinsa. Mai saye yana da nasa mutumin. A taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, kowa yana ji, sannan a ba dillali la'adarsa. Filin karar kuma ba na dillali ba ne. To, ku ƙaddara mutum ɗaya shi ne dillalin mai sa, shi ne wakilin mai saye, filin nasa ne, kuma shi kaɗai ke jin tayin kowa. Mai sa bai san nawa aka taya ba, mai saye bai san nawa aka sallama ba. Wa zai yarda da wannan? Ko awa ɗaya ba zai yi a kara ba za a kai shi gaban sarkin kasuwa.

Abin da ake zargin Google da shi ke nan a kasuwar talla. Duk lokacin da ka buɗe shafin wata jarida a wayarka, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjon gurbin tallar da za ka gani. Manhajar da jaridar ke sayar da gurbin da ita ta Google ce. Manhajar da masu talla da yawa ke saye da ita ta Google ce. Dandalin gwanjon ma nasa ne, kuma ya yi shekara da shekaru yana yankar kusan kashi 20 cikin 100 a kan cinikin da ya bi ta wurin. A Afrilun 2025 mai shari'a Leonie Brinkema ta yanke hukunci cewa kamfanin ya yi haramtaccen babakere a biyu daga cikin waɗannan ukun, wato ɓangaren masu sayarwa da dandalin gwanjon, kuma ya ɗaure su da juna ta yadda mai son ɗaya dole ya ɗauki ɗayan. Kafin nan, a Agustan 2024, mai shari'a Amit Mehta ya same shi da irin wannan laifin a harkar bincike a intanet. A gaban wannan kotun ne aka bankaɗo cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga kamfanoni irin su Apple da Samsung, don kawai in ka kunna sabuwar waya ka tarar da shi zaune a ciki kafin kowa.

Malamanmu da ke nan sun san wannan babi tun a zaure. Shari'a ta hana ɓoye kaya don farashi ya tashi, ta hana tarar ayari a hanya kafin su shigo su ji farashin gari, ta hana mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye don ya ruɗi wani. Dukkansu abu ɗaya suke karewa: kada wani ya riƙe labarin kasuwa shi kaɗai. Amurkawa sai a 1890 suka yi dokar Sherman, wadda da ita aka tsattsaga kamfanin mai na Rockefeller gida 34 a 1911. Da wannan tsohuwar doka ake shari'ar Google yau. Sai dai hannun alƙalan yanzu ya yi sanyi. Mehta, bayan ya tabbatar da laifi, ya ƙi tilasta wa kamfanin sayar da manhajarsa ta Chrome a Satumban 2025. Kamfanin Meta kuwa, mai Facebook, wanda ya sayi Instagram dala biliyan 1 a 2012, ya sayi WhatsApp kimanin dala biliyan 19 a 2014, ya tsallake ƙarar da gwamnati ta kai shi a kan waɗannan sayayya.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan Darki? Shugabannin kasuwa, ku ba shi amsa. Yau mutum yana Legas ko Fatakwal, a ɗauki bidiyon dabba ko buhun hatsi a tura masa ta WhatsApp, a yi ciniki da saƙon murya, ya yi tiransifa, a loda mota. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda suka rantse ba za su taɓa ba. Matan aure masu sayar da atamfa da turare daga cikin ɗaki, rumfarsu ita ce wayar. Lambobin abokan cinikinka, tarihin bashin da ake binka da wanda kake bi, duk suna cikin manhajar kamfani ɗaya mai hedikwata a California. Ran da aka wayi gari an rufe maka lamba, babu sarkin kasuwar da za ka kai wa kuka.

A nan zan daɗe, domin akwai alƙaluman da nake so kowane ɗalibi ya fita da su. A Yulin 2024, Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bayan binciken wata 38. Tushen maganar shi ne sabbin sharuɗɗan da WhatsApp ya fito da su a 2021, waɗanda yawancinmu muka danna muka amince ba tare da mun karanta ba. Hukumar ta ce an kwashi bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, an raba su tsakanin kamfanonin Meta, an hana su zaɓi, kuma an yi mana abin da ba a yi wa mutanen wasu ƙasashe masu irin dokokinmu ba. Meta ya ɗaukaka ƙara, kotun musamman ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Sai kamfanin ya nuna a takardun kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya.

Yanzu ku ɗauko biro. Kuɗin da Meta ya samu a 2024 ya kai dala biliyan 164 da ɗoriya. Ku raba da kwanakin shekara. Za ku sami kimanin dala miliyan 450 a kowace rana. Ke nan tarar da ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta yi shekara uku tana bincike kafin ta yanke, cinikin rabin yini ne. Daga asuba zuwa magariba ya mayar da ita. To me ya sa kamfanin ya yi barazanar tattara komatsansa a kan kuɗin rabin yini? Ba kuɗin ne ya dame shi ba. Sharuɗɗan da suka biyo tarar ne, musamman cewa dole a mayar wa ɗan Najeriya ikon cewa a'a. In Najeriya ta yi nasara, gobe Ghana za ta nema, jibi Kenya. Kuma ku lura, Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 1.2 a Mayun 2023, kusan ninki shida na tamu, amma har yau yana can yana kasuwanci. Duk wanda ya gaya muku za su tafi su bar masu amfani da waya miliyoyi a Najeriya, ku tambaye shi wa za su bar wa. TikTok yana bakin ƙofa yana jira.

A nan ne siyasar ta shigo, kuma nan ne 'yan'uwana masu musun Trump ba sa dubawa. Ranar 20 ga Janairun 2025, wurin rantsar da Trump, attajiran fasaha Zuckerberg mai Meta da Bezos da Musk da shugaban Google suna zaune a sahun gaba. Musk ya kashe fiye da dala miliyan 250 a zaɓen. Wata ɗaya bayan rantsuwar, fadar White House ta fitar da umarni cewa ƙasar da ta ɗora wa kamfanonin fasahar Amurka haraji ko tara za a iya rama mata da harajin kaya. Ba wasa ba ne. A ƙarshen Yunin 2025 Kanada ta janye harajinta na kamfanonin intanet, kwana biyu bayan Trump ya dakatar da tattaunawar ciniki da ita. Ga abin mamakin: gwamnatin da ke gurfanar da Google a gida ita ce ke hana wasu su taɓa shi a waje. In Kanada ta durƙusa, Najeriya ita kaɗai ina za ta kai?

Na san abin da ake ce mini. Wasu su ce ai kyauta ne, me ya sa za mu yi ƙorafi? Wanda ke sayen data bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, sannan a sayar da idonsa ga masu talla, shi zai gaya muku ko kyauta ne. Wasu, musamman jami'an gwamnati, su ce a rufe su kawai. An gwada. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasa suka bi ta bayan gida, ƙananan 'yan kasuwa suka yi asara, kotun ECOWAS ta ce an saɓa doka. Kuma dalilin rufewar ba kare mai saye ba ne, goge saƙon shugaban ƙasa ne. Sai na uku, waɗanda na fi fafatawa da su a ɗakin malamai: su kullum maganarsu a koya wa yara rubuta manhaja da ƙirƙirarriyar basira, gwamnati ma ta ce za ta horar da miliyan uku. Madalla. Amma a ƙasar da wutarta da ƙyar take haura megawat 5,000, yaron da ya ƙware wa zai yi wa aiki in ba wannan dillalin ba? Mujallar Time ta ruwaito a 2023 yadda aka biya 'yan Kenya ƙasa da dala 2 a awa don tsabtace bayanan ChatGPT. Kakanninmu sun noma gyaɗa, wani ya yanka mata farashi, daga kamfanonin Turawa har zuwa hukumomin sayen amfanin gona da aka rushe a 1986. Yawan hannu bai taɓa ba su iko da farashi ba.

Abin da na daɗe ina kira a kai bai canja ba. Najeriya ta daina shiga wannan kokawa ita kaɗai. Ƙarfin Turai daga haɗuwar ƙasashe 27 a kan doka ɗaya ya zo, kuma ECOWAS tana da hukumar kula da gasar kasuwanci a Gambiya wadda yawancinku ba ku taɓa jin sunanta ba, don ba a ba ta haƙora ba. Irin ƙarar Meta can ya kamata a riƙa kai ta, a haɗe. 'Yan majalisarmu kuma su sa a doka cewa kamfanin da ya rufe lambar ɗan kasuwa dole ya faɗi dalili, ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara a cikin ƙasar nan, da ma'aikacin da ke jin Hausa.

Akwai kuma wanda ba ya bukatar Abuja. Shugabannin kasuwar Darki, ku mallaki labarin kasuwarku. Kowace ranar kasuwa a rubuta farashin gero, dawa, masara, wake, tumaki da awaki a littafin ƙungiya, a kafe shi inda kowa zai gani, a karanta a rediyo. Kowane ɗan kasuwa ya kwafe lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa a takarda. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, tafiyar mintuna. Ɗalibanta na kwamfuta da na tattalin arzikin noma su karɓi wannan aiki a matsayin binciken kammala karatu, aji ya miƙa wa aji, bayanan su zama mallakar ƙungiyar kasuwa, da yarjejeniya a rubuce cewa ba za a sayar wa kowane kamfani ba sai da izininta. Kuɗin da ake bukata bai kai na walimar buɗe taro ɗaya ba. Shugaban taro, ina roƙon kafin a watse a fitar da mutum uku, ɗaya daga 'yan hatsi, ɗaya daga 'yan dabbobi, ɗaya daga ɗalibai, su fara da kasuwa mai zuwa.