Kufan Surame da Haƙƙin da ke Kanmu

 

An nemi in yi bayani a kan wuraren tarihi da hukuma ta ɗauki alhakin karewa a yankinmu. Zan tsaya a kan kufan Surame, domin shi ne babbansu, kuma abin da ya shafe shi ya shafi sauran.

Muhammadu Kanta ne ya gina Surame a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Songhai, ya mai da shi babban birnin daular Kabi. Ganuwar Kano da ta Zariya da ƙasa aka yi su, amma ta Surame duwatsu aka jera, shi ya sa har yau mai ziyara yake iya bin sawunta cikin daji. Akwai labarin baka da ke cewa Nufawa sun makara wajen zuwa aikin, sai Kanta ya sa suka kwaɓa ƙasar ginin nasu sashen da man kaɗe maimakon ruwa. Ko yaya gaskiyar labarin take, ya nuna irin kwarjinin da sarkin yake da shi. Wajajen shekarar 1700 Kabawa suka tashi zuwa Birnin Kabi, birnin ya zama kufai.

A 1964 gwamnati ta sanya Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa. Dokar 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta haramta rushe irin wannan wuri, ko ɗebe wani abu daga cikinsa, ko yin tono ba da izini ba. A 2007 kuma aka shigar da sunansa cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa karɓuwa a UNESCO. A nan nake son mu fahimci juna, domin da yawa daga cikinmu suna faɗa a birni cewa Surame ya zama wurin tarihi na duniya. Bai zama ba tukuna, yana layin jira ne. Sukur a Jihar Adamawa ya samu shiga a 1999, dajin Osun na Oshogbo a 2005, kuma ba a karɓar wuri sai an ga tsarin kula da shi a ƙasa, da hannun mutanen da ke zaune kusa da shi.

To, jama'a, takarda tana Abuja, dutse yana daji. Manomin da ke neman ƙarin kunya biyu a gonarsa, da maginin da ke neman dutsen harsashi a araha, da mai sa wuta a daji da rani, yawancinsu ba su taɓa jin labarin wata doka ba. Ban ga laifinsu ba kamar yadda nake ganin namu, mu da muka yi karatu, muke kai 'ya'yanmu Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Kanta a Argungu, amma ba mu taɓa kai su Surame ba.

Shawarata ga ƙungiya ita ce ta naɗa mutum uku su zauna da hakimai da masu unguwannin ƙauyukan da ke kewaye, a karanta masu dokar da Hausa, a kuma ji kokensu game da gona da kiwo, tunda ba za a hana mutum abinci ba a ce ya yi gadi. Kowace shekara bayan damina a ɗauki hotunan ganuwar da ƙofofinta, a ajiye kwafe a wurinmu, a kai kwafe ofishin hukumar da ke Sakkwato. Ta haka za a san abin da ya zube da abin da aka ɗebe. Kuɗin mota ɗaya da za ta kai 'yan makarantar firamare ziyara bai kai abin da muka kashe wa abincin wannan taro ba.

Ina roƙon sakatare ya sa wannan batu cikin ajandar zaman kwamiti na gaba.